Haruffa Huɗu a Ƙarƙashin Sunan Malam Nata'ala

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau muka yi bikin Ranar Malamai, tunda ainihin ranar ta faɗo Asabar. Da ma ba a yi ba.

'Yan aji shida sun kawo wani babban kwali, sun jera sunayenmu, kowa da kalmar yabo ta Turanci a ƙarƙashin sunansa. Ni an ce mani uwa. Shugabar makaranta, Hajiya Larai, an ce mata fitila. Da ido ya kai kan Malam Nata'ala mai lissafi sai ga haruffa huɗu manya-manya, GOAT, har da zanen kan akuya a gefe, da ƙaho da gemu. Gaban ɗalibai, gaban baƙi. 'Yan baya suka ɗau tafi. Malam ya tsaya ya karanta, ya cire tabarau ya sa aljihu, ya bar filin. Mutumin da ya koyar da ni kaina ina 'yar shekara sha uku.

Hajiya ta tara mu a ofis. Rubutun Sumayya Gide ne, 'yar Damari da ke zaune wajen gwaggonta nan Faskari. Ba ta musa ba. Hajiya ta juyo gare ni ta ce, "Malama Talatu, ke ce ta Turanci. Kalmar nan tana da wata ma'ana bayan wadda muka sani?"

Na ce babu. Na ce wanda aka kira da sunan akuya an zage shi, ko a Ingila ne. Yarinyar ta ɗaga hannu tana cewa ai Malama ba haka ba ne, na daka mata tsawa ta yi shiru.

An kore ta mako biyu. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ran 21 ya duba ko za a bar sunanta cikin waɗanda za a tura na jarrabawar fita a ƙarshen wata.

Don ɓacin rai har miyata ta ƙone.

Talata, 8 ga Oktoba

Malam ya zo amma bai shiga aji shida ba. Yana ƙarƙashin darbejiya yana duba littattafan 'yan aji ɗaya har aka tashi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ni aka ɗora wa rubuta rahoto kan kalmar. Kamar ba ni da aji huɗu da littattafai sama da ɗari biyu suna jirana.

Na ɗauko tsohon ƙamus ɗin ɗakin malamai, wanda bangonsa ya rabu da shi tun kafin a ɗauke ni aiki. Ma'ana ta farko, dabbar da muka sani. Ta biyu, wawa. Wannan ai ko mu muna faɗa wa yara masu taurin kai, ni ma na sha faɗa. Ta uku ce ban taɓa lura da ita ba: in an ce old goat, to tsoho ne wanda idonsa ba ya sauka daga kan mata. Ina cikin karantawa Malam Harisu, sakataren kwamiti, ya leƙo ta kafaɗata. Ya sa yatsa kan layin, ya yi salati, ya ce ashe abin ya wuce inda muke zato. Na ce mashi yarinyar ba ta rubuta old ba. Ya ce ai Malam ɗin tsoho ne, ba sai an rubuta ba.

Ban so ya gani ba. Ya riga ya gani.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kankara, bikin sunan ɗan da aka haifa wa ƙanena Kamilu. Hanya lafiya, alhamdulillahi.

Bayan azahar Kamilu ya shigo cikin gida gaida mu, suna ta musu da wani abokinsa a waya kan 'yan ƙwallo biyu. Sai na ji ya ce nasa gwanin shi ne goat, sauran duk yara ne. Na ce kai kuwa wane irin so ne wannan, ka zagi wanda kake goyon baya? Ya dube ni, ya fashe da dariya har ya dafa bango.

Wai ba akuya ba ce. Wai kowane harafi kalma ce guda, greatest of all time, wato wanda ba a taɓa yin kamarsa ba. Ya buɗe mani waya ya nuna mani. Ƙarƙashin hoton ɗan ƙwallon mutane sun jera kawunan awaki, ɗaruruwa. Da ƙaho da gemu. Irin wanda ke jikin kwalin nan sak.

Ya ce, "Yaya, ke fa malamar Turanci ce."

Na ce Turancin da na karanta ba na gidan kallon ƙwallo ba ne. Na faɗa da ƙarfi, har inna ta ɗago kai. Naman suna ban iya ci ba, na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Tun hantsi nake kan waya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. In tsaya bakin rijiya ya kawo, in koma inuwa ya tafi.

Abin da na tattaro, don kada in manta:

Dabbar, wannan tsohuwar kalma ce, tun kakannin Turawa.

Wawa ko mai taurin kai. Tsoho mai bin mata. Su ne na ƙamus.

A Amurka, da can, masu rubuta labarin wasanni wanda ya jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa suke kira goat. Wasu sun ce guntun scapegoat ne, daga wata tsohuwar al'adar Yahudawa da ake ɗora wa bunsuru laifin jama'a a kora shi daji. Na ga inda wannan ta dosa, na rufe shafin.

Sai ta Kamilu. Wasu sun ce daga wani ɗan damben Amurka ne da ya yi ta kiran kansa mafi girma, aka taƙaita kalmomin. Wasu sun ce mawaƙa ne suka yaɗa ta wajen shekara ta dubu biyu, waya ta ƙarasa aikin.

Wato kalma ɗaya, a fili ɗaya, ta taɓa nufin wanda ya fi kowa lalacewa, yanzu tana nufin wanda ya fi kowa. Wane irin harshe ne wannan, don Allah? Kuma wa ya aiko mana da takarda ranar da aka juya ta?

Har da wani labari wai ana kwantar da akuya kusa da dokin sukuwa don ya natsu, abokan hamayya su sace ta, daga nan wai aka samo wata magana ta tunzura mutum. Na gama karantawa kaf, can ƙasa suka ce babu tabbas. Maigidana Baban Ikhlas, da yake aikin dabbobi ne sana'arsa, ya ce shi dai ya taɓa ganin doki ya shaƙu da akuya. Na ce ba abin da na tambaye shi ke nan ba. Ya ce to me na tambaye shi?

Litinin, 14 ga Oktoba

Na sami Hajiya Larai ita kaɗai na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye biro.

Ta ce ni na tsaya gaban malamai goma sha tara na ce babu wata ma'ana, a kan maganata ta sa hannu a takardar kora. In akwai gyara, ni zan tashi gaban kwamiti in yi shi da bakina, ita ba za ta janye hukunci a kan abin da aka gano a gidan suna ba.

Na koma na rubuta rahoton. Na jera ma'anonin duka biyar, na rufe da cewa kalmar tana iya ɗaukar fuska fiye da ɗaya. Ban rubuta wacce yarinyar take nufi ba. Ban rubuta cewa ni na yi kuskure ba. Da na sake karantawa sai na ga rahoton bai ce komai ba, kuma da gangan na yi shi haka.

Laraba, 16 ga Oktoba

Maganar ta fita gari. Maƙwabciyata ta tare ni bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, wai da gaske ne wata ɗaliba ta tona asirin Malam Nata'ala da Turanci, cewa yana bin 'yan mata?

Malam Nata'ala. Wanda ko littafi zai karɓa hannun ɗaliba sai ya ce ta ajiye kan tebur.

Na ce mata ƙarya ce. Ta ce ai an ce a ƙamus aka gani, kuma ni na gano. Na je neman Malam Harisu, ya rantse mutum biyu kawai ya faɗa wa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mahaifin Sumayya ya zo daga Damari. Malam Gide, dattijo siriri, hannunsa duk kanta. Ya ce masara ya bari a gona ya taho. Ya durƙusa gaban Malam Nata'ala a tsakar makaranta yana ba shi haƙuri, Malam na cewa ya tashi, ya tashi.

Daga nan ya nemi ni. Ya ce, "Malama, ni ban yi boko ba. An ce ke kika duba kika ce zagi ne. In ke kika ce, to zagi ne. Ɗiyar da ta zagi malaminta ba sai kun zauna a kanta ba, ni zan tafi da abata."

Ga dama har gabana. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ana kan bincike, ya ɗan dakata zuwa Litinin. Ya ce binciken me kuma.

Sumayya na tsaye bayansa da jakarta. Ta rame. Da za su wuce ta ɗan tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malama, da kin bari na ƙarasa."

Wata ƙawarta ta faɗa mani daga baya cewa tun aji huɗu Sumayya faɗuwa take a lissafi. Malam ya riƙa tsayar da su su shida bayan an tashi, yana sake masu darasi, shekara biyu. Zangon da ya wuce ita ta zo ta ɗaya. Ita ta roƙi a bar mata layin sunansa a kwalin, ta ce ita ta san abin da ya dace da shi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bayan la'asar na sa Baban Ikhlas ya raka ni gidan Malam. Mai ɗakinsa ta amsa sallama daga ciki, ba ta fito ba. Na gane.

A zaure na zayyana mashi komai, har na nuna mashi hotunan a waya. Ya karɓa ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce ya ji, kuma ya yarda yarinyar ba ta nufi sharri ba, don tun ranar abin ya ɗaure mashi kai, ya san tarbiyyarta.

Sai ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce har ya kai shekara sha ɗaya awakin kawunsa yake kiwo a wani ƙauye bayan Sabuwa. Ranar da aka kai shi makaranta, ya fi kowa tsawo a ajin, yara suka toshe hanci suka ce bunsuru ya shigo. Sunan ya bi shi har kwalejin horon malamai. Ya ce shekara talatin da uku yana koyarwa, ya ɗauka ya baro shi can baya, sai ga shi a kwali ana tafi.

Baban Ikhlas sai murza hularsa yake.

Malam ya ce, "Talatu, da Hausa me take son ta ce?"

Na ce tana nufin ba a taɓa yin malami kamarsa ba.

Can ya ce, "To me ya hana ta faɗi haka?"

Ya ce wancan ma duk mai sauƙi ne. Maganar da ke yawo a gari fa, wa zai bi gida-gida ya goge? Jiya a masallaci wani ya matsa daga kusa da shi. Na ce daga hannuna ta fita, ya yafe mani. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya tashi ya rako mu. Ban san ko amsa ce ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kwamiti. Awa biyu da rabi.

Na ajiye rahoton nan mara amfani, na tashi na ce abin da na faɗa ran bakwai ga wata kuskure ne, yabo yarinyar ta rubuta, ni ce ban san ma'anar ba kuma na hana ta magana.

Malam Harisu ya ɗaga ƙamus ya ce da wanne makaranta ke aiki, da littafi ko da waya? Na ce littafin ya girmi yarinyar da shekara ashirin. Ya ce in aka karɓi wannan, gobe yaro zai kira mu jaki ya ce a Amurka kirari ne. Aka yi dariya. Abin da ya fi ci mani rai shi ne maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, kuma ba ni da amsar da ta wuce in ce wannan dai na bincika na tabbatar.

Aka yi ta juyawa. Wani ya ce ko yabo ne, zanen dabba gefen sunan babba rashin ladabi ne. Wata ta ce to wa ya koya masu bambancin, ba mu ba?

Malam Nata'ala bai yi magana ba sai ƙarshe. Ya ce shi kalmar ba ya sonta, ba kuma zai so ta ba, kada wanda ya sake jingina mashi ita ko da alheri. Amma ba da sunansa za a cire yarinya daga jarrabawa ba. Ya ce lissafinta ya fi Turancinta, a bar ta ta je ta rubuta.

Hukunci: ta dawo, ta rubuta takardar ban haƙuri. Ni kuma in yi wa makaranta bayani a taron safe. Hajiya ce ta ƙara wannan, tana kallon takardunta.

Talata, 22 ga Oktoba

Na yi. Gaban yara sama da ɗari shida. Da na zo kan greatest of all time rabinsu suka ƙarasa mani tun ban rufe baki ba. Ashe duk sun sani. Mako biyu suna kallonmu muna ta fama.

Na kuma ce duk wadda ta kai wata magana gida a kan Malam, ta koma ta ce ƙarya ce, Malama Talatu ce ta karanta layin da bai shafe shi ba. Ko za su faɗa, oho.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Lambar Malam Gide ba ta shiga. Gwaggon ta ce ta aika da saƙo ta hannun direba, shiru. Ran 31 za a rufe sunaye.

Asabar, 26 ga Oktoba

Damari. Mota biyu da babur. Baban Ikhlas ya ce ba zan bi hanyar nan ni kaɗai ba, kuma lallai mu juyo kafin la'asar. Bai yi mani mita ba, shirunsa ma ya isa.

Mun tarar da su cikin aikin masara, ta cika tsakar gida har bakin zaure. Sumayya na cikin mata suna ɓarewa. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta koma.

Na yi wa Malam Gide bayani da Hausa tsantsa, ban saka ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Ya saurara yana jujjuya wata totuwa a hannu.

Ya ce, "Malama, rannan kin ce zagi ne. Yau kin ce yabo ne. Gobe fa?"

Na ce gobe ma yabo ne. Rannan ma yabo ne, ni ce ban sani ba.

Ya tambaya ko Malam ɗin ya yafe. Na ce ya ce a maido ta. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ce to wannan ban sani ba.

Ya ce ya durƙusa gaban mutane a kan laifin da yanzu ake ce mashi babu shi, ya kuma yi kwana tara bai yi wa ɗiyarsa magana ba. Ya ce zai duba. Ya sa aka ɗaura mana masara a bayan babur, na ce a bari, ya ce ba a zuwa gidansa da kaka a koma hannu sake.

Sau uku ke nan ina faɗin na yi kuskure cikin mako guda. Ba ya ƙara sauƙi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ba ta zo ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Ba ta zo ba. Hajiya ta ce ta bar layin sunanta a buɗe da fensir, zuwa jibi.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ta zo. Gwaggon ta ce Malam Nata'ala ne ya aika wa uban da kansa, ta bakin wani ɗan garinsu, cewa an fara sabon babi a lissafi kuma ba zai maimaita ba. Ni da na sha hanya har Damari ba a ce don ni ba. Ba komai.

An rubuta sunanta da biro. Ta kai wa Malam takardar ban haƙuri, ya karɓa ya gyara mata kuskure biyu ya miƙa mata. A ajina ta bar kujerarta ta gaba ta koma layin ƙarshe.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Maƙwabciyata har yau tana cewa ita dai ba banza ba. Malam ya koma yin salla a masallacin bakin kasuwa. Wannan ban san yadda zan gyara shi ba.

Yau ina tsakiyar darasin rubutun wasiƙa wata yarinya, Hafiza, ta ɗaga hannu. Wai yayanta ya rubuto mata cap da ta ba shi labari, me yake nufi? Na buɗe baki zan ce hula. Sai na rufe. Na ce su me suka ji ana nufi da ita?

Aji ya kaure. Wata ta ce hula ce mana, wata ta ce murfin kwalba. Daga layin ƙarshe Sumayya ta ce, a hankali, ƙarya yake nufi, yana cewa ƙarya take yi. Na ce daga ina ta samo asali? Ta ce ba ta sani ba. Na ce ni ma haka, na rubuta ta a gefen allo da alamar tambaya.

Minti goma sha biyu suka tafi a banza, wasiƙar ba mu gama ba. Gajiya ce kawai ta sa na biye masu, ba zan mai da shi al'ada ba.

Na ce wa mai share allo ta bar gefen nan.